Tauraruwa Mai Wutsiya Ta Wuce: Ina Magadan Umaru Dembo?

A shekarar 1969 abubuwa biyu suka faru waɗanda ya kamata kowane ɗalibin Hausa ya riƙa tuna su tare. Na farko kowa ya san shi. Ranar 20 ga watan Yuli Amurkawan da suka tashi cikin kumbon Apollo 11 suka sauka a kan wata, duniya ta ɗauka, har Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbon waƙa. Na biyun kuwa a Zariya ya faru, ba a kuwa buga masa ganga ba. Kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya fito da wani ɗan littafi na Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya. A cikinsa wani yaro, Kilba, ya gamu da baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi suka shiga yawo cikin sararin samaniya. A lokacin ƙasarmu tana tsakiyar yaƙin basasa, amma duk da haka aka sami marubucin da ya ɗaga kai ya dubi sama, ya kuma faɗi abin da ya hango da harshen Hausa.

Yau fiye da shekara hamsin ke nan. Tambayata ga 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu masu girma ita ce: ina magadan Umaru Dembo? Hanyar da ya share, wa ya bi ta? Mun cika kasuwa da littattafan soyayya, mun cika ta da na jarumai masu takubba da aljanu masu kai bakwai, ba na kuwa raina ko ɗaya daga cikinsu. Amma ƙagaggen labarin kimiyya ya zama maraya a adabinmu. 'Yan tsirarun matasan da suke gwada shi suna yaɗawa ta waya, babu mai buga su, babu mai nazarinsu. Ra'ayin da zan kare a nan shi ne, wannan sakaci ne babba, mu masu nazarin Hausa muna da kaso mai tsoka cikin laifin, kuma manomin ƙauye shi zai ɗauki asarar.

Kafin in yi nisa, bari mu rarrabe aya da tsakuwa. A Ruwan Bagaja ko Ganɗoki, in jarumi ya shiga uku sai aljani ko laya ko sa'a ta fid da shi, mai karatu kuma ba ya tambayar ta yaya, domin tun farko ya yarda duniyar al'ajabi aka shigar da shi. A labarin kimiyya kuwa, marubuci yakan ɗauki abu guda da ilmi ya tabbatar, ko yake kan hanyar tabbatarwa, ya ce: to, in wannan ya kankama, yaya aure zai kasance, yaya gado, yaya sarauta, yaya kasuwa? Sa'an nan ya bi sawun amsar har inda ta tsaya, ko da ba ta yi masa daɗi ba. Saboda haka wanda ya ɗauko aljanin tatsuniya ya sa masa rigar ƙarfe, ya ce ga mutum-mutumi, sunan tuwo kawai ya sake.

Duk lokacin da aka ta da wannan magana a taron ƙungiya ko a ɗakin kwana, uzuri uku ake kawowa. Wasu su ce Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Wasu su ce irin wannan rubutu wasan yara ne, ko ma shiga gonar gaibu. Wasu kuma su ce mu talakawa ne manoma, mu fara cika ciki tukuna. Domin in amsa musu na kira shaida daga nesa, marubucin nan na ƙasar Polan, Stanislaw Lem. Da gangan na zaɓe shi. Da Ba'amurke na kawo, da an ce ai su suka ƙera kumbon, harshensu kuma ya game duniya. Lem kuwa ƙasarsa ba ta ƙera kumbo ba, harshensa ba a cika jin sa a wajen gida ba, mutanen ƙasar tasa ma ba su kai miliyan 40 ba, wato masu jin Hausa a yau sun fi su yawa.

An haifi Lem ranar 12 ga Satumba 1921 a birnin Lwow, wanda a lokacin yake cikin Polan, yanzu kuwa yana cikin Yukren ana kiransa Lviv. Mahaifinsa likitan kunne da maƙogwaro ne, shi ma ya fara karatun likita sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse shi. Da Jamusawa suka mamaye garin a 1941, da yake asalin danginsa Yahudawa ne, da takardun jabu ya tsira, yana kanikanci da walda a garejin wani kamfani. Bayan yaƙi garin ya faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, iyalin suka ƙaura zuwa Krakow. A can ya ci gaba da karatun likita, amma ya ƙi zama jarrabawar ƙarshe don kada a tura shi aikin likitan soja. Labarinsa na farko na kimiyya ya fito kashi-kashi a wata mujalla a 1946, littafinsa na farko kuma, Astronauci, a 1951. Daga nan sai Solaris a 1961, Summa Technologiae a 1964, Cyberiada a 1965, da wasu masu yawa. Ya mutu a Krakow ranar 27 ga Maris 2006. An fassara littattafansa zuwa harsuna fiye da 40, an sayar da kwafi sama da miliyan 30. Solaris kaɗai an mai da shi fim a Rasha a 1972, aka sake a Amurka a 2002. Majalisar dokokin Polan ta keɓe shekarar 2021 da sunansa.

To, mu ɗauki uzuri na farko, na masu cewa Hausa ba ta da kalmomi. Harshen Polan ma an taɓa raina shi fiye da haka. Daga 1795 zuwa 1918, shekara 123 cur, babu ƙasar Polan a taswirar duniya, domin Rasha da Farusiya da Ostiriya sun raba ta tsakaninsu, aka kuma riƙa korar harshen daga makarantu a wasu sassan. Wani ɗan ƙasar da muka sani a darasin adabin Turanci, Joseph Conrad, da Ingilishi ya yi duk ƙagaggun labaransa. Lem kuwa da harshen uwarsa ya rubuta nasa, aka bar wa duniya wahalar fassara. Inda bai sami kalma ba sai ya ƙera ta daga saiwoyin harshensa, har masu fassara irin su Michael Kandel suka sha gumi kafin su sami kwatankwacinta a Ingilishi. Solaris ma da aka fara fitarwa da Ingilishi a 1970, ta hannun fassarar Faransanci aka bi, ba a sami wadda aka yi kai tsaye daga harshen Polan ba sai 2011. Duk wannan bai hana littafin zagaya duniya ba.

Mu dubi namu harshen. Wa ya ce Hausa ba ta iya ƙira? Kumbo sunan ƙwaryar cin abinci ne, amma da zancen zuwa wata ya taso sai aka ɗora wa jirgin sunan, ya kuwa zauna daram, har yau babu mai neman wani. Haka jirgin sama, haka tauraron ɗan Adam, haka wayar iska, haka na'ura mai ƙwaƙwalwa. Malamanmu kuma ba su kwanta ba. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2006 kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito. Amma kalmar da aka ƙera a ɗakin taro tana nan kwance cikin ƙamus kamar iri a rumbu, sai an kai ta gona take tsira. Gonar kalma kuwa ita ce labari da waƙa da hira. Abin da ya raya kumbo shi ne rediyo da bakin mawaƙi. Saboda haka masu cewa a jira sai kalmomi sun cika kafin a rubuta labarin kimiyya sun juya al'amarin ne, domin rubutun shi yake haifar da kalmomin.

Uzuri na biyu shi ne wai wasan yara ne. Wanda ya faɗi haka ya nemi Solaris ya karanta. Labarin wata duniya ce da teku guda ya lulluɓe ta, tekun kuma ga alama yana da rai, yana da wani irin hankali. Masana sun shafe shekaru masu yawa suna nazarinsa, sun cika ɗakunan karatu da littattafai a kansa, amma ba su fahimci ko abu guda tabbatacce ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Kris Kelvin, ya isa tashar binciken da ke shawagi bisa tekun, sai ya tarar tekun yana tono abin da kowa ya binne a zuciyarsa, yana mai da shi mutum mai jini da tsoka. Shi Kelvin sai ga siffar matarsa da ta kashe kanta shekarun baya, tana zaune a ɗakinsa. Mutanen da suka tafi binciken wata halitta sai suka ƙare da fuskantar laifuffukansu. Ina wasan yara a nan?

Ko kuwa mu ɗauki littafinsa na 1971, Kongres Futurologiczny, wato taron masu hasashen gobe. A ciki ya kwatanta duniyar da mahukunta suke watsa wa jama'a magunguna cikin iska, mutum yana cikin tsumma da yunwa amma idonsa yana nuna masa alharini da nama. A ƙarƙashin mulkin Kwaminis aka rubuta wannan, lokacin da ba a buga littafi sai jami'an tace rubutu sun sa hannu. Abin da marubuci ba ya iya faɗa game da Polan ta zamaninsa, sai ya faɗe shi game da gobe ko wata tauraruwa, mai hankali kuwa ya gane. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Da bakin Gizo da Ƙoƙi kakanninmu suke faɗa wa masu ƙarfi gaskiya, da bakin aku Abubakar Imam ya koya wa 'ya'yan sarakuna hankali a Magana Jari Ce.

Game da zancen gaibu kuwa, ba zan ɓoye ba, Lem ba mai addini ba ne, ba kuwa aƙidarsa na ce a ɗauko ba. Sana'arsa nake magana a kai, kamar yadda muke koyon likitanci da injiniyanci daga waɗanda ba mu haɗa alƙibla da su ba. Mai labarin kimiyya ba ɗan duba ba ne, bai ce ga abin da zai faru ba. Cewa ya yi, in aka ci gaba da bin wannan hanya ga inda take iya ɓullewa. Manomin da ya ware iri ya rataye a rumbu tun da kaka, yana lissafin damina mai zuwa, ba wanda ya ce ya shiga gonar gaibu. Hasali ma babban darasin Solaris shi ne ilmin ɗan Adam yana da iyaka, girman kansa kuma ya fi saninsa yawa. Wane malami ne zai yi faɗa da wannan?

Saura uzuri na uku, wanda ya fi sauran kama da gaskiya, shi ya sa ya fi su haɗari: wai mu talakawa ne, tunanin taurari sai wanda ya ƙoshi. Ina so a tuna halin da Polan take ciki sa'ad da Lem ya fara rubutu. Yaƙi ya ci mata mutum wajen miliyan 6, babban birninta Warso ya zama kufai, shi kansa marubucin ɗan gudun hijira ne da ya bar gidan ubansa har abada. A cikin wannan toka ya zauna yana tunanin na'urori masu hankali. A Summa Technologiae, tun 1964, ya yi dogon bayani a kan na'urar da za ta iya tunani, da wadda za ta sa mutum ya ga duniyar ƙarya ya ɗauka ta gaske ce. A wani littafinsa na 1961 ya kwatanta kantin littattafan da babu takarda a cikinsa, sai wani ɗan allo ake karantawa. Wanda yake riƙe da waya a yau ya san inda maganar ta kwana. Talauci bai hana shi hange ba. Ina ma ganin wanda aka taɓa tattakewa shi ya fi kowa bukatar ya hango abin da ke tafe tun daga nesa.

A nan ne zan kawo maganar gida. Ni ɗan Rimin Gado ne, yamma da birnin Kano a kan hanyar Gwarzo. Ƙasarmu tana cikin yankin nan na kewayen Kano inda gida yake kallon gida, gona take manne da gona, ba a kuwa barin fili ya huta. Shekara da shekaru ana noma wuri ɗaya, da takin dabbobi da toka da shara ake riƙe da shi, a da ma har daga birni jakuna suke ɗauko taki cikin mangala. Ana shuka gero da dawa a sa wake a tsakani. Ana barin gawo a tsakiyar gona, domin shi da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina albarka. Tun cikin shekarun 1960 masana irin su Michael Mortimore suka zo suna nazarin yadda jama'a masu yawa haka suke rayuwa a kan ƙasa kaɗan ba tare da sun kashe ta ba. Wato abin da iyayenmu suke yi ilmi ne, har Turawa sun rubuta littattafai a kansa. Mutanen da suka san wannan ba za a ce tunanin kimiyya ya fi ƙarfinsu ba.

Bugu da ƙari, kimiyya ba ta tsaya jiran mu ƙoshi ba, ta riga ta shigo har cikin gona. Dattawanmu suna tuna farin 1973. Suna tuna 1975, shekarar da wata cuta da ƙananan ƙwari suke yaɗawa ta cinye gyaɗar Arewa, dalar gyaɗa ta Kano kuwa ba ta sake tashi kamar da ba. A watan Disamba 2019 Nijeriya ta amince da wani irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar, an sauya masa ƙwayar halitta don ya jure wa tsutsar da ke huda kwanso. A 2024 aka biyo da masarar TELA. Masu yabo suna yabo, masu suka suna suka, amma yawancin muhawarar da Turanci ake yin ta a manyan birane. Mai gonar da za a shuka irin a cikinta, daga bakin mai sayarwa yake jin labari, ko kuwa daga bakin mai jita-jita. Ni ban zo yabon irin ko kushe shi ba. Cewa nake yi al'ummar da ba ta saba tauna irin wannan magana da harshenta ba, hanya biyu kawai ta rage mata, ko ta haɗiye ba tambaya, ko ta tofar ba tambaya.

Mun kuwa ga duka biyun a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200, abin da ya jawo doguwar shari'a. A 2003 kuma aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a jihar saboda tsoro, ba a koma ba sai 2004, cutar kuwa ta sami damar bazuwa har wasu ƙasashe. A na farko an yarda ba a yi tambaya ba, a na biyu an ƙi ba a saurari amsa ba. Ba na cewa ƙagaggen labari zai maye gurbin likita ko malamin gona. Amma labari shi ne dandalin da jama'a suke gwada abu a zuci kafin ya same su a jiki, su koyi irin tambayar da ake yi wa mai farar riga, su kuma koyi bambanta tsoro mai dalili da maras dalili.

Kada kuma wani ya ce babu abin rubutawa. Ga gonar gado da ake rabawa tsakanin 'ya'ya, 'ya'ya su raba wa jikoki, har rabon mutum ya kusa zama shimfiɗar tabarma. Rubuta mana labarin ranar da aka kafa na'ura a ofishin hakimi, ita ce take yanke wanda zai yi noma da wanda zai tafi birni. Ga waya a aljihun kowane saurayi. Rubuta mana labarin ƙauyen da wayar take faɗa wa ranar shuka, ta yi daidai shekara uku a jere har aka daina tambayar dattawa, a ta huɗu kuma ta kuskure, alhali tsohon da ya iya karanta iska da gajimare ya riga ya rasu. Lem yana da littafi na 1964 a kan wasu 'yan mitsi-mitsin na'urori masu tashi kamar ƙudaje, ɗaya ba ta da wayo, amma in sun yi gungu sai su gagari babban jirgin yaƙi. Wa ya fi wanda ya taɓa korar jan-baki daga gonar gero, ko ya ji labarin fara daga bakin kakarsa, sanin yadda za a ba da irin wannan labari?

Daɗin daɗawa, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe. A Cyberiada akwai wasu maƙera biyu, Trurl da Klapaucius, masu yawo fadar sarakuna suna ƙera abin da aka sa su. Wata rana Trurl ya ƙera na'ura mai tsara waƙa, ta kuwa iya har ta hana mawaƙan ƙasar sakat. A 1965 wannan abin dariya ne. Tun daga ƙarshen 2022, da aka saki ChatGPT, ya daina zama abin dariya, domin yanzu na'urori suna rubutu suna fassara, har da Hausa. To, ranar da na'ura za ta iya wasa basarake da muryar da ba a bambanta ta da ta mawaƙin fada, ina makomar maroƙi, ina ta marubuci, ina tamu? In mu ba mu yi wannan tambaya da Hausa ba, wa zai yi mana? A lura kuma, sigar tatsuniya Lem ya ba waɗannan labarai, da sarakuna da 'ya'yan sarakuna da masu wayon da wayonsu yake kai su ya baro. Wannan tukunya tamu ce tun kaka da kakanni, abin dafawa kawai ya rage mu zuba.

To, laifin wa? Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, saboda haka da mu ɗalibai zan fara. A duba kundayen digirin farko da muke rubutawa: jigo da salo a littafi kaza, jigo da salo a waƙa kaza, shekara ta bi shekara, kan littattafan nan guda biyar ko shida. Tauraruwa Mai Wutsiya kuwa sai dai a ambace shi cikin layi ɗaya a darasin tarihin rubutun zube, a wuce. Na yarda ɗan ƙaramin littafi ne, ba a kuma haɗa shi da Solaris a ma'auni ɗaya ba. Amma Lem ma da ƙaramin abu ya fara, har daga baya ya riƙa kushe littattafansa na farko da kansa. Bambancin shi ne ya sami mujallu masu bugawa, da masu sharhi da suke yaba masa suna kuma ƙalubalantarsa, har ya girma. Dembo ya yi sallama, ba a amsa ba.

Allah ya gafarta malamai, ku ma da naku. Abin da kuka sa a manhaja shi ake bugawa, shi ake saye, shi ake karantawa. In kuka buɗe wa wannan fanni ƙofa ko da ta mako biyu ce a zango, za a ga canji. Sai 'yan'uwanmu na tsangayar kimiyya da aikin gona da likitanci, waɗanda suka ɗauki Hausa harshen gaisuwa da ciniki kawai, su ma ina kiransu. Su suke da ilmin, mu muke da alƙalamin, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Lem ɗalibin likita ne, Cyprian Ekwensi na ƙasarmu kuwa haɗa magunguna ya karanta.

Akwai kuma abin kunya guda. A Jami'ar Warso an daɗe ana koyar da Hausa. Farfesa Stanislaw Pilaszewicz ya yi rubutu mai zurfi a kan Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a Kete-Krachi a 1934, Farfesa Nina Pawlak kuma ta yi suna a nazarin harshenmu. Su sun san Imam ɗinmu, mu kuwa ɗalibai nawa ne cikinmu suka taɓa jin sunan Lem ɗinsu? Ɗauko labari daga wancan sashe na duniya ba sabon abu ba ne gare mu. Iliya Ɗanmaiƙarfi na Ahmadu Ingawa daga labaran jarumin Rashawa aka samo shi, ya kuwa zauna a Hausa kamar a nan aka haife shi.

Don kada a ce na yi ta kuka ban kawo magani ba, ga shawarwari huɗu ga ƙungiyarmu. Na ɗaya, a nemi a sake buga Tauraruwa Mai Wutsiya, a kuma shirya masa zama na musamman inda za a yi masa nazari na gaske, yabo da suka. Na biyu, wannan mujalla ta keɓe shafuka a kowace fitowa domin gajeren labarin kimiyya, da sharaɗin cewa a ƙasar Hausa labarin zai faru, ba a yarda aljani ya warware matsala ba. Na uku, a sa gasa tsakanin tsangayoyi, a haɗa ɗalibin Hausa da na kimiyya su rubuta labari ɗaya. Kada a raina gasa, domin gasar da Rupert East ya sa a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Na huɗu, a nemi izini a fassara ko da labari uku ne daga Cyberiada, a kuma nemi hannun masana Hausa na Warso don a duba fassarar da asalin harshen.

Masana taurari sun ce tauraruwa mai wutsiyar nan da ake kira Halley takan dawo bayan shekara kamar 76. An gan ta a 1910, an gan ta a 1986, ana sa ran ta a 2061. Yaran da suke firamare yau a Rimin Gado, in Allah ya ba su rai, su ne magidantan wannan lokaci, a kan gonakin da suka fi na yanzu ƙanƙanta, tsakiyar na'urorin da ba mu san sunansu ba tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muna so su tarar da harshen da zai iya ɗaukar tambayoyinsu, yanzu ne za a fara rubutun, mu ne kuwa za mu fara. Allah ya ba mu ikon yi, amin.